Yadda Ake Ceto Karen da Aka Yasar, da Ɗawainiyar da Ke Biyo Baya

Duk wanda ke bi ta wajen mayankar Zango a Tudun Wadar Kaduna da sassafe, ko ya ratsa ta bayan kangayen da ke gefen Rigasa, ya san irin karnukan da ake nufi: haƙarƙari a waje har ana iya ƙirgawa, gashi ya zube, kunnuwa cike da kaska, wani ma da guntuwar igiya a wuya wadda ke nuna cewa a da yana da ubangida. Da dama daga cikinsu an kawo su gida ne suna 'yan kwikwiyo domin gadi ko wasan yara, da suka girma cinsu ya ƙaru, ko maigidan ya tashi daga unguwar, sai aka buɗe musu ƙofa.

Kafin ka matsa kusa, tsaya daga nesa ka lura da shi. Idan yana dalalar da yawu, yana tangaɗi, muƙamuƙinsa ya saki, ko yana kai cizo ga duk abin da ya gifta har da itace da dutse, to kada ka kusance shi ko da taku ɗaya. Ka janye yara, ka sanar da mai unguwa da likitan dabbobi mafi kusa, domin waɗannan alamun ciwon haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Karen da yunwa da tsoro kawai ke damunsa yakan maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu, ya riƙa satar kallonka yana ja da baya.

Irin wannan ba a kama shi rana ɗaya. Ka fara da ruwa a tsohon kwano, ka ajiye, ka koma gefe. Washegari ka dawo wurin a daidai lokacin da ɗan abinci, kana tsugunawa a kaikaice ba tare da ka zuba masa ido ba, domin a wurin kare zuba ido neman faɗa ne. Ka hana yara rakiya, saboda karen da ya sha jifa ba ya bambanta hannun da ke miƙo abinci da wanda ke ɗauko dutse. Wataƙila wani ya ce maka wannan aikin banza ne, tunda kare ne. Sai ka tuna masa hadisin da ya inganta na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa.

Bayan 'yan kwanaki, idan ya soma cin abinci kana tsaye, sai ka zura masa igiya mai laushi a wuya a hankali. In yana da rauni, ka lulluɓe shi da tsohon bargo kafin a ɗaga shi, a kuma sa masa takunkumi, domin zafin ciwo kan sa kare mai sanyin hali ya yi cizo. Idan tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar domin allurar rigakafi, ba tare da tsayawa shafa toka ko sassaƙe ba. Shi kuma karen a killace shi kwana 10 ana lura da shi.

Kuskuren da masu tausayi suka fi yi shi ne cika masa kwano a ranar farko. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi, don haka a riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau huɗu a yini, kamar dafaffiyar shinkafa da ɗan nama ko ƙwai, ba yaji ba mai da yawa. Albasa da tafarnuwa da cakulan suna cutar da kare, haka nan dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soki hanji. Ka ware masa wuri nesa da kaji da awaki da yara har likita ya gan shi, ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, ya kuma yi masa allurar haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa ana maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura, kuma idan ciwo ya gagara a cikin gari, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a daina, wato shafa wa kare baƙin man mota da sunan maganin ƙazuwa. Man yana ƙona fata, karen kuma yana lashewa ya shiga cikinsa. Haka ma farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, kada a ba shi sai da izinin likita.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kafin ka shigo da shi ka yi lissafi. Kare yakan rayu shekara 10 ko fiye, kuma kullum sai ya ci. Ka shawarci iyalinka da maƙwabta, musamman idan gidan haya ne. A ganina, wanda ya ɗauko kare daga juji ya ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a tsakiyar ranar watan Maris, babu inuwa babu ruwa, wurin wahala kawai ya sauya masa. Yana buƙatar rumfa, da buhu ko katako da zai kwanta a kai lokacin hunturu, da sararin motsa jiki a cikin shinge, ba a sake shi da dare ya addabi masu zuwa sallar asuba ba. Karya kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara, cikinta wata biyu ne kacal, shi ya sa ya kamata a tattauna da likita kan aikin hana ta haihuwa, namiji kuma a yi masa fiɗiya.

Idan ka ga riƙon ya fi ƙarfinka, ka nema masa wani gida bayan ya murmure, wurin manomi mai buƙatar gadin gona, ko makiyayi, ko mafarauci da aka san shi da kula da karnukansa. Ka je da ƙafarka ka ga inda zai kwana, ka miƙa katin allurarsa tare da shi, sannan bayan mako biyu ka sake leƙawa ba tare da ka sanar ba.