Yadda Ake Auna Tasirin Kainuwa da Bado Kan Ƙananan Gansakukan Madatsar Ruwa

Ƙananan gansakukan da ke yawo cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, haske da naitirojin da fosforas suke nema. Kainuwa da bado ma su suke nema, shi ya sa inda kainuwa ta rufe ruwa ruf yawansu kan ragu, iskar oksijin ma ta yi ƙasa.

Zaɓi wuri uku: ƙarƙashin ganye, gefensa, da sararin ruwa. Da safe ka ɗebi lita 1 a zurfin rabin mita a kowane wuri, ka zuba mililita 10 na ruwan Lugol (ruwan aidin da ke hana gansakukan lalacewa), ka ajiye kwalbar cikin duhu awa 48 su kwanta. Tsiyaye saman a hankali, ka ƙirga aƙalla ƙwaya 400 na gansakukan da suka kwanta da madubin ƙara girma, kana ware jinsi-jinsi.

Kada ka motsa saiwoyi wajen ɗiba. In ka motsa su, gansakukan da ke manne da su za su zubo cikin kwalba, har ka ƙirga jinsunan da ba na yawo ba bisa kuskure. Ragar tacewa kuma tana zubar da mafi ƙanƙanta, kwalba ta fi.

Ka maimaita da damina da rani, don ruwan sama na sauya komai.