Masu shan sigar ta ganye a fada, ga shawara kan ɗarin bana

Ƴan uwa na Yamai, wannan don masu shan babbar taba ce, ta naɗaɗɗen ganye irin ta Kuba. Abin da ke ɓata ta a Disamba da Janairu bushewar iska ce, fiye da sanyin kansa. Ganyen yana son laima wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, hunturu kuwa yakan sauko da laimar iska ƙasa da 20. In ta kwana a aljihu ko cikin mota, ɓawon zai tsage, ta ci wuta da sauri, ɗanɗanon ya yi ɗaci.

Ku aje ta cikin kwalba mai murfi da ke rufuwa sosai, da ɗan soso mai danshi a gefe, kada ya taɓa ganyen. Ku fito da guda ɗaya kawai, kuma gajera. Doguwar takan kai awa guda, wa zai zauna haka cikin buji?

Wajen kunnawa a juya wa iska baya, a kare birike da tafin hannu, ana jujjuya bakin har ya kama ko'ina. Kada a yi ta zuƙa da sauri don tsoron ta mutu.

Toka da guntu kuwa a cikin kaskon yashi, nesa da zana da busasshiyar ciyawa. Dokar Nijar ta 2006 ta hana shan taba a wuraren taron jama'a, kuma mai tari ko asma ya haƙura, ƙura kaɗai ta ishi ƙirji.