Shawara ga masu jinya da kiɗa da waƙa: ku riƙa bibiyar kanku

Salamu alaikum 'yan uwa abokan aiki na Garwa, Marwa da Mokolo. Da zarar an tashi daga zama, kafin wani ya shigo, ku ware minti 10 da littafi. Ku fara rubuta abin da ido ya gani kawai: majinyaci ya ajiye ƙwarya, ya juya baya, numfashinsa ya yi sauri. Sannan abin da kuka ji a jikinku, sannan dalilin abin da kuka yi. In kun cakuɗa su, zato zai koma tamkar gaskiya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne shiru. Majinyaci ya yi tsit, hankalin mai jinyarsa ya tashi, sai ya cike wurin da waƙa ko ya ƙara saurin kiɗa bai sani ba. Ku ɗauki sautin zaman da izininsa, ku saurara, ku ga wa ya fara sauya bugu. Yawanci mu ne. Ku jira numfashi uku kafin ku sake shiga.

Masu aiki da 'yan gudun hijira a sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, a yi hattara: bugun ganga mai ƙarfi kan tuno wa wasu ƙarar bindiga. Garaya da goge kuwa wasu bori suke tuna musu, don haka a tambaya tukuna, ku ma ku duba ra'ayinku a kansu.

Kada a rubuta suna a littafin, lamba ta isa. Sau ɗaya a wata ku kai wa abokin aiki zaman da ya fi tsaya muku a rai.