Yadda nake sa 'yan gida cikin waƙar siffa ta yara

Karon farko da na gwada waƙar siffa da 'yan ajina a Tudun Wada, kuskure na tafka. Aikin gida na ba su. Ranar Litinin takardu suka dawo tsaf-tsaf, babu ko alamar gogewa. Kallo ɗaya na gane hannun yayye ne, don ɗan shekara 6 ba ya jan layi haka.

Waƙar siffa dai ita ce a jera kalmomi su fitar da surar abin da ake wa waƙar: ta tulu ta yi ciki, ta yi wuya. Mu nan ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya ga allon zayyana ranar sauka ya san rubutu da ado sun saba zama wuri ɗaya.

Yanzu rabon aiki nake yi. Fensir na yaro ne, babu mai taɓa shi. Abin da ake nema daga manya baki ne kawai.

A fara da abin da ke cikin gida: ludayi, faifai, tsintsiya, buta. Na daina zaɓar kyanwa ko tsuntsu, saboda akwai iyayen da ba sa son zanen abu mai rai, ni kuma ba gardama na fito yi ba. Yaro ya kifa abin a bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya, ya zagaye shi da fensir sama-sama. Sannan ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba shi kalma biyu ko uku game da abin. Umma tana bakin murhu ma za ta iya amsawa.

Kaka ce babban rumbu a nan, ko da ba ta san boko ba. Wata yarinya ta je da tsintsiya ta ce, "Hajiya, me zan ce mata?" Tsohuwar ta harare ta, ta ce, "Ke da ba kya shara? To rubuta: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Yarinyar ta sa "maɗauri" a kwance a tsakiya, sauran kalmomin suka zubo ƙasa kamar tsinke-tsinke. Har "ba kya shara" ta rubuta a ciki, ban cire ba.

Faifai ya fi kowanne daɗi. Kamar yadda ake saƙa shi daga cibiya a yi ta kewayawa, haka yaro zai fara rubutu daga tsakiya yana juya takardar. Sai dai a yi haƙuri, haruffa za su karkace, b ta koma d. A bar shi. Idan ya gama, ya goge layin fensirin, ya ga kalmomin sun tsaya da kansu.

Ƙanana da ba su iya riƙe fensir ba, a ba su kara su yi a ƙasar tsakar gida, harafi ɗaya a yi ta maimaitawa. Wuri ɗaya nake barin babba ya yi rubutu: inda akwai kakan da ya iya ajami, ya rubuta nasa layin a gefe daga dama, jika ya taho daga hagu. Na ga an yi haka da surar Ƙofar Doka ta birnin Zariya bayan uba ya kai ɗansa ya gan ta a kan babur.

Lokaci kuwa, Alhamis ko Juma'a da la'asar, ranakun da babu makarantar allo. Minti 15 ya isa, kafin magariba ta yi a fara neman tocila.

In takardun sun dawo, igiyar shanya nake ɗaurawa daga taga zuwa taga in rataye su. Ba na ba da maki. Kowane yaro ya tashi ya karanta tasa, ya faɗi wace kalma ce ta Umma, wace ce ta Hajiya.