Yadda Ake Adana Antibodi na Gano Furotin ɗin Mitokondiriya da Aiki da Shi

Duk mai bincike a Legon ko Kumasi a ƙasar Ghana ya san cewa 'yar kwalbar antibodi (furotin ɗin da ke manne wa wani takamaiman furotin domin a gano shi, a nan na mitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari), wadda sau da yawa ba ta wuce maikurolita 100 ba, daga ƙasashen waje ake sayo ta da kuɗi masu yawa, saboda haka ranar da ta iso ce za a tsara yadda za ta daɗe.

Da zarar kwalin ya shigo ɗakin gwaje-gwaje, a duba ko ƙanƙarar da ke ciki tana da sauran sanyi, a karanta takardar da ta zo da shi, sannan a juya kwalbar a injin juyi na 'yan daƙiƙoƙi kafin a buɗe, domin ruwan da ya maƙale a murfi ya sauko. Abin da za a yi aiki da shi cikin mako ɗaya ko biyu ya zauna a firiji a digiri 4. Sauran kuwa a rarraba shi cikin ƙananan bututu, kowanne kada ya gaza maikurolita 10, a rubuta suna da kwanan wata, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili.

Dalilin rarrabawar shi ne daskarewa da narkewa a kai a kai suna lalata antibodi, kuma a nan Ghana ɗaukewar wuta, wadda kowa ke kira dumsor, tana iya narkar da kayan firiza cikin dare su sake daskarewa kafin gari ya waye ba tare da kowa ya sani ba. Don haka a zaɓi firizar da ke haɗe da janareta, a tura bututun can ciki nesa da ƙofa, kuma a guji irin firizar gida mai narkar da ƙanƙararta da kanta. Antibodin da aka haɗa da gilisarol kashi 50 cikin ɗari ba ya daskarewa a wannan sanyin, ba ya buƙatar rarrabawa. Mai launin da ke ƙyalli kuma a firiji ake barinsa, a naɗe da takardar alminiyom saboda haske.

Wajen gwajin westan bulot, inda ake rarrabe furotin bisa girmansu, a mayar da su kan wata shimfiɗa sannan a gano su da antibodi, girman furotin ɗin ne zai nuna hanya. Furotin ɗin mitokondiriya TOM20 da COX IV ƙanana ne, ba su kai kilodalton 20 ba (ma'aunin nauyin furotin ke nan), shi ya sa shimfiɗa mai ramukan maikuromita 0.2 ta fi riƙe su. Furotin irin su MT-CO1, ɗaya daga cikin 13 da mitokondiriya ke ƙerawa daga nata kundin gado, sukan dunƙule idan aka tafasa samfurin, saboda haka ɗumamawa a digiri 37 ta wadatar. A jiƙa shimfiɗar a madara marar maiƙo kashi 5 cikin ɗari na sa'a ɗaya, a tsarma antibodin bisa ma'aunin takardarsa, galibi 1 cikin 1000, ya kwana a kan shimfiɗar a digiri 4, a wanke sau uku kafin a zuba antibodi na biyu, wanda ke manne wa na farko ya bayyana inda yake.

Sai a lura da sodiyam azaid da ake sa wa yawancin kwalaben don hana ƙwayoyin cuta. Yana kashe aikin HRP, sinadarin da ke haɗe da antibodi na biyu mai fito da alamar da ake gani, don haka kada ya shiga ruwan antibodi na biyu, kuma da yake yana toshe numfashin mitokondiriya kanta, ba a zuba shi kan ƙwayoyin halitta masu rai.