Yadda ake dasa gamba a cikin gida

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san gamba, domin da ita ake saƙa zana, da ita ake jinka, kuma manoma a Najeriya da Nijar sun daɗe suna shata iyakar gona da ita. Ta dace da farfajiyar gida a inda ake sayen ruwa, saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, har takan jure rani na wata 8 ba tare da ban ruwa ba, kuma da zarar damina ta faɗi sai ta yi toho daga tsohon tushenta.

A ganina dashe ya fi shuka iri nesa ba kusa ba, domin irin gamba ba shi da nauyi, iska na kwashe shi, kuma da yawansa ba ya tsira. A jira sai ruwa ya zauna, wato cikin Yuli, sannan a nemi tsohon tushe mai lafiya, a tone shi da fartanya, a tsaga shi gida-gida, kowane yanki da kara uku ko huɗu da saiwarsu. A datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, don kada dashen ya wahala wajen kamawa. A haƙa rami mai zurfin santimita 15, a zuba ɗan ruɓaɓɓen takin gargajiya, a sa dashen da yamma, a danne ƙasar da ƙafa. Tazarar mita ɗaya ta isa, sai dai mai son shinge ya matso da su zuwa rabin mita. A guji wurin da ruwa ke daɗewa a kwance.

Shekarar farko ita ce mai aiki: a riƙa cire ciyawa, a kuma tsare dashen daga awaki, waɗanda ba sa ɗaga wa sabon toho ƙafa.

Gamba takan haura mita 3, kuma idan ta bushe wuta take jira. A arewacin Ostireliya, inda aka kai ta don kiwo, ta zama sanadin munanan gobarar daji. Saboda haka kada a dasa ta kusa da madafa ko ɗakin jinka. Da kaka a yanke ta da lauje, a bar kututture kamar taƙi ɗaya, a ɗaure karan a ajiye wa masu saƙa zana.