Kurakuran da aka fi yi wajen noman gak da cinsa

Gak tsiro ne mai yaɗo da ke fitowa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, musamman Biyetnam da Tailan da kudancin Sin. Ɗan uwan garahuni ne, amma ɗansa kan kai kilo ɗaya ko fiye, bawonsa cike da ƙananan ƙayoyi, in ya nuna ya yi jawur.

Babban kuskure shi ne shuka guda ɗaya tak. Gak kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace. Mutum zai yi ta ban ruwa, ganye ya rufe rumfa, fure ya fito, amma ko ɗa ɗaya babu. Ana gane furen mace da ɗan kumburi a gindinsa, wanda shi ne zai zama ɗan. Daga iri ba a sanin wanne zai fito, don haka a shuka da yawa, ko a yanko reshen macen da aka san tana haihuwa a dasa. Namiji ɗaya ya ishi mata kusan 10. Kuma kada a dogara da ƙwari kaɗai. Da safe a ɗebo garin furen namiji da ɗan burushi mai laushi a shafa wa na mace, abin da ya fi ƙara yawan 'ya'ya ke nan.

Ƙwayar irin tana da ɓawo mai tauri, sai an ɗan fasa shi an jiƙa kafin ta tsiro da wuri. Rumfa ta zama mai ƙarfi, kuma kada ruwa ya kwanta a gindi. Wasu kan tumɓuke shi in ganye ya bushe da sanyi, alhali saiwarsa na raye, za ta sake tohowa.

Wajen ci ma ana ɓata shi. Abin da ake nema shi ne jan naman nan mai maiƙo da ya lulluɓe ƙwayoyin, a nan sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A yake. Shanya shi a rana tsaka yana rage amfaninsa, gara a kankare shi a sa a firiza. Ba shi da zaƙi. Mutanen Biyetnam kan cuɗa shi da shinkafa mai danƙo su turara, su ci a bikin aure da na sabuwar shekararsu, wato Tet.